Dattijon Da Ya Zo A Goge Masa Fim

A tashar Kalgo, na ga wani dattijo mai farin gemu, carbi a hannu, yana tsaye kan Rilwanu mai tura finafinai a waya, yana ta faɗa.

"Fim ɗin ƙasar Suwidin da ka tura mini, maza biyu ke soyayya! A'uzu billahi! Goge shi!"

Sai dai ya san sunan kowa a ciki. Yana zayyana yadda ƙanjamau ta kashe ɗayan, iyayensa suka ce ciwon daji ne. Yadda yake faɗa, ina jin shi ma ya taɓa binne wani nasa, aka ce taifot.

"Kawo in goge, Baba."

Dattijon ya ƙanƙame wayar.

"Tsaya tukuna. Shi ɗayan, ya rayu?"