Ayabar Malam Isiyaku

Har yau ban manta da ranar da Malam Isiyaku ya shigo asibitinmu da 'yarsa ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiya a wani ƙauye kusa da Gwiwa. Aikinmu duba ƙananan cututtuka ne, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura Kazaure.

Ranar kasuwa ce, da damina. Malam Isiyaku mai sayar da ayaba ne, babu wanda bai san shi ba. Ya yi sallama ya tsaya, yarinyar na bayansa, ta ja hijabi har kan hanci. Sunanta Rabi, ba ta wuce shekara sha shida ba. Da na lallashe ta ta buɗe, sai na ga ƙuraje cike da goshi da kumatu, wasu sun yi baƙi saboda matsa.

"Malama," in ji shi, "ki gaya mini gaskiya. Ni na ɓata mata fuska?"

Ashe tun rasuwar mahaifiyarta, kullum da yamma yakan ware ayabar da ta fi kyau ya kai mata. Da ƙurajen suka fito, maƙwabta suka ce ayabar ce. Ya daina kawowa. Ita kuma ta daina zuwa makaranta saboda tsokana.

Na tambaye ta abin da take shafawa. Ta zaro wani man ƙarin haske da ta saya don ɓoye tabon.

"Baba," na ce, "ba ayabarka ba ce. Shekarun balaga ne, fata takan yi maiƙo. Wannan man ne ya tsananta su. Ayaba abinci ce mai kyau. Ba ita ta kawo su ba, ba kuma ita za ta warkar da su ba."

Ya share ido da hannun riga.

Rabi ta ce a hankali, "Baba, ni dama ba ayabar ce ta dame ni ba. Daina kawowar ne."

Shugabar asibitin ta duba ta, ta rubuta magani. Na koya mata wanke fuska safe da yamma, na hana ta matsa da shafa man nan. Kafin kaka fuskar ta lafa, ta koma aji.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙa duban wanda ya rako marar lafiya. Sau da yawa shi ma da ciwonsa ya zo, bai dai yanki kati ba.