Kaftanin da Yaya Sabo Bai Saka Ba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, mai horar da 'yan ƙwallon jami'ar garinmu, wanda kowa ke kira Koci. Na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai, amma abin da ya sami ɗansa Mubarak a nan Dubai ya hana ni yin shiru.

An zargi Yaya da saka ɗan haya a gasar jami'o'i, wato ɗan wasan da ba ɗalibi ba. Ba zan wanke shi tas ba. Ɗan wasan ɗalibinsa ne da aka sallama saboda faɗuwa jarrabawa, Yaya ya ba shi ɗaki a gidansa. To, mutumin da kuke cin tuwo a kwano ɗaya, da wane ido za ka ce masa ya koma benci? Kara ce ta kayar da Yaya, kuma na san kara ba hujja ba ce.

Jami'a ta dakatar da shi, ta ce kwamiti zai neme shi. Ya sa aka wanke farin kaftaninsa, aka goge, ya rataye shi a bayan ƙofa saboda wannan rana. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ba a kore shi ba, ba a wanke shi ba, ba a ma tambaye shi ba. Hawan jini ya riga kwamiti zuwa. Kaftanin nan sadaka muka ba da shi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mubarak yana horar da ƙungiyar wata jami'a mai zaman kanta a nan, an kuma dakatar da shi bisa zargin saka ɗalibin da makinsa bai kai ba. Shi ya ce bai sani ba. A ƙasar nan kuwa aiki shi ne biza. In ya rasa shi, da shi da matarsa sai su tattara.

Na yi ta musu a kan maganar da Alhaji Isa, mutumin Gana da muke aiki tare a unguwar Port Saeed a nan Dubai. Ya ce mini, "Malam Bala, ɗalibin da ya yi karatu aka ƙwace masa gurbi a ƙungiyar fa, shi ba ɗan wani ba ne? A dakatar da Mubarak, khalas, shi ke nan." Yana da gaskiya, kuma gaskiyar ta yi mini ɗaci. Ban ce kada a dakatar ba. Na ce a sa rana, a kira mutum, a ji bakinsa. Da Yaya na nan, ina jin cewa zai yi ko jan kati a gaban idonka ake ɗaga shi, ka san an gama da kai ka fita.

Me ya rage na Yaya? Tsofaffin 'yan wasansa har yau suna zuwa gaida matarsa ranar salla. Sai kuma sunansa, wanda ya rasu ya bar shi a rataye, ba a wanke ba.

Ranar Juma'a na je duba Mubarak a gidansa da ke unguwar Al Khabaisi. Ya ce, "Baffa, ni dai su kira ni, ko da korar ce." Da na tashi tafiya na ja ƙofa, sai na ga farar riga a bayanta, an goge ta, an rataye.