Ƙulli Biyu a Zaren Goggo

Da na samu cikin Amira ko tsintsiya tsoron ɗauka nake, don na farkon ya zube yana wata biyu. Kowa ya ce mini, "Ki yi haƙuri, ai bai zama mutum ba." To, wa nake yi wa kuka?

Jiya ina gyaran akwati na ga zaren Goggo, yayar babana, wadda ta zo mini zaman jego nan Cheras, unguwarmu a ƙasar waje, ta rasu bara. Jan zare ne, har yanzu yana ƙanshin man zafinta. Kowane jika da ƙullinsa.

Ran sunan Amira mijina da abokinsa na jami'a suka kaure da musu a falo kan yaushe ɗan tayi ke zama mutum. Wannan ya ce rai sai wata huɗu, wancan ya ce tun bugun zuciyar da likita ke nunawa. Goggo na gefe tana kurɓar shayin mamak, wato na masu shayin nan garin, tana mitar sukari. Sai ta jawo zaren ta yi ƙulli biyu.

Mijina ya ce, "Goggo, ai ɗaya ta haifa."

"Kai da bokonka! Busa rai na Allah ne, ban sa baki ba. Ni dai ranar da uwa ta fara jin tsoro a kan ɗa, ranar nake ƙirga shi."

Na yi dariya har da hawaye. Ashe wani ya ƙirga mini shi.

Yanzu ina da wani cikin, sati shida, na kuma ƙulla nasa da hannuna. Don Allah, wanda ya karanta ya sa Goggo a addu'a. Allah ya haskaka kabarinta.