Gangar da Murdo Ya Ajiye wa Morag

Yayana Murdo Gillespie shekara talatin da huɗu ya yi yana haɗa gangunan katako na ajiyar barasa a kamfanin wiski na ƙauyenmu, a nan tsibirin Islay. Duk wanda ya ce ya san ganga a garin nan, ko a hannunsa ya koya ko ƙarya yake yi. Ƙwanƙwasawa ɗaya zai yi mata ya gaya maka ko za ta yi yoyo. Amma yau in aka ambaci sunansa a kanti, abin da mutane ke tunawa kawai giyar bikin 'yarsa ce. Wannan ne yake ƙona mini rai har na zauna rubutu, ni da rabona da alƙalami tun barina sakandare.

Shekarar da kafaɗarsa ta lalace aka sallame shi daga aiki da agogon hannu da takardar yabo. A shekarar matarsa ta rasu, kuma 'yarsu tilo, Morag, ta haye jirgin ruwa zuwa Glasgow karatun jinya. Aka bar mutum shi kaɗai da hannuwan da ba su iya zaman banza ba. Sai ya fara dafa giyar sha'ir a rumfar bayan gidansa. Baƙa ce mai kauri, kuma ba laifi, har mashayar ƙauye takan karɓa.

Wata rana tsoffin abokan aikinsa suka mirgino masa ganga guda da aka juye wiski daga cikinta a safiyar. Wiskinmu kuwa da hayaƙin baƙar lakar fadama ake busar da sha'irinsa, lakar nan da muke yanka mu shanya mu hura wuta da ita tun kaka da kakanni. Katakon gangar ya sha wannan hayaƙin shekara goma sha biyu. Murdo bai ɗauraye ta ba, don a wurin masu sana'arsa zuba wa irin wannan ganga ruwa cin mutuncinta ne. Ya cika ta da giyarsa, ya toshe, ya rubuta sunan Morag da alli.

"Ranar aurenta za a sha," ya ce mini.

Wani baƙo mai sana'ar giya da ya zo hutu ya taɓa leƙa rumfar. Ya ce wa Murdo wata uku ya isa, in ta wuce haka hayaƙin zai cinye giyar.

"Wata uku?" in ji Murdo. "Ɗan mutum ma wata tara yake yi kafin ya fito. Je ka koya wa mutanenku."

Duk muka yi dariya, har da ni. Mu nan abin da bai shekara goma a ganga ba yaro muke ce masa. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa giya daban, wiski daban. Murdo kuma ya rantse ba zai taɓa toshiyar ba sai lokaci ya yi. Haka gangar nan ta kwanta shekara bakwai.

Morag ta samu miji, wani yaro mai hankali ana ce masa Gavin. Saura wata guda biki iyayensa suka zo ganinmu, Alastair da matarsa Lorna. Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci. Na yi miyar kifi da gurasar hatsi, muka ci, sannan Murdo ya fita ya dawo da tulu cike da giyar gangar nan, a rungume kamar ya ɗauko jariri. Ya zuba wa kowa.

Ni dai zan faɗi gaskiya. Kurɓa ɗaya na yi na ji kamar na lashi murhun da aka kashe da ruwa. Bayan tokar sai warin magani, bayan maganin sai tsami. Amma na haɗiye, don ni na yi tarbiyya.

Lorna ba ta haɗiye ba. Ta mayar da ita cikin kofi a gaban kowa, ta goge baki.

"Wai wannan sha ake yi, ko ciwo ake wankewa da shi? Morag, ke da kike asibiti, ba irin warin ɗakinku ba ne?"

Mijinta kuwa ya shanye nasa ya miƙa kofi.

"Rabu da ita, Murdo, ita ko shayi sai ta zuba sukari cokali huɗu. Ƙaro mini. Ban taɓa shan abu mai rai irin wannan ba."

Murdo maganar mijin kawai ya ji. Fuskarsa ta washe yadda ban ga ta yi ba tun rasuwar matarsa. Ya ce mutum ɗari da ashirin za su zo bikin, kuma kowa da ita zai ɗaga kofi lokacin da uban amarya zai yi addu'a.

Kafin Laraba labari ya zaga ƙauye, don Murdo da kansa ya riƙa bi gida gida da kwalba yana ba da ɗanɗano. Gari ya rabu biyu. Tsofaffin ma'aikatan kamfani suka ce ba a taɓa yin irinta ba. Hector, abokinsa tun ƙuruciya, cewa ya yi in ya mutu a yi masa wanka da ita. Saura kuma suka sa mata suna ruwan toka. Matan da suka sha suka ce masa "madalla, Murdo", su ne na ji a kanti suna toshe hanci suna ƙyaƙyatawa. Munafukai. Rabinsu da gangunan da ya haɗa aka ciyar da gidajensu.

Ranar Asabar Morag ta zo gidana da safe, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Gwaggo Ishbel, ki taimake ni. Ki gaya wa Baba kada a kawo giyar nan wurin biki."

"Bakinki ciwo yake yi?"

"Ba zan iya ba. Kin ga fuskarsa ranar nan. Mutanen Gavin sittin za su zo, Gwaggo, in suka tofar a gaban Baba fa? Uwar Gavin ta riga ta fara ba da labari a waya."

"To surukarki kike tsoro ko ubanki kike tausayi?"

"Duka biyun," ta ce, sai hawaye.

Na zage ta tas, na ce shekara bakwai mutum yana jira ba ta taɓa cewa ba ta so ba. Sannan na ɗauki mayafina na tafi, don kullum aikin da kowa ya guda ni ake bar wa.

Na same shi a rumfa yana goge kofuna, ya jera su a kan benci.

"Ishbel uwar tsiwa, me ya kawo ki? Kin zo ƙari ne?"

"Murdo, zauna."

Bai zauna ba. Na gaya masa Morag ba ta son a kai giyar wurin biki. Ya daɗe yana juya kofi a hannu.

"Alastair ya ce tana da daɗi. Hector ma."

"Alastair baƙo ne mai neman abin ba da labari. Hector kuma ko man jirgi ka ba shi zai sha."

"Ke fa?"

Da na yi ƙarya a nan. Na iya ta, na yi wa mijina ita shekara ashirin a kan waƙarsa. Amma na ce, "Hayaƙin ya yi yawa, Yaya. Ta lalace. Baƙon nan mai sana'ar giya ya gaya maka."

Sai a lokacin ya zauna. Ya ce shi ba ya jin hayaƙin. Ya ce tun yana ɗan shekara arba'in hancinsa ya daina jin sa, saboda ƙona cikin ganguna da shaƙar wiski kullum, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba don kada a raina shi a wurin aiki. Shi a bakinsa giyar nan zaƙi ne da ita, kamar busassun 'ya'yan inabi.

"Na ɗauka abin da kowa yake ji ke nan," ya ce. "Duk gidajen da na shiga da kwalba, dariya suke mini?"

Na ɗauki kofi ɗaya na hau gogewa. Ya ce in gaya wa Morag ta kwantar da hankalinta.

An yi biki a zauren ƙauye da rana, ana yayyafi. Ruwan inabin da Lorna ta zaɓo daga Glasgow aka raba. Da lokacin uban amarya ya yi, Murdo ya miƙe cikin rigar da na goge masa, ya ɗaga kofi ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya," ya zauna. Mutumin da ya cika takarda uku da abin da zai faɗa. Alastair ya zagayo ya raɗa masa ko za a samu ɗan abin nan na rannan. Murdo ya ce babu.

Ranar Litinin na je kai masa ragowar abincin biki, na tarar ya mirgina gangar zuwa bakin kwata ya zare toshiyar. Hector na tsaye a kansa.

"Kai tsoho, ka haukace? Ka ba ni mana in kai gida!"

"Ba don kai na yi ta ba," in ji Murdo.

Da ta tsiyaye ya ɗauko guduma ya cire zobban ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya ware katakon ya jera a jikin bango. Ko guda bai fasa ba. Daga nan ya kulle rumfar, kuma wata takwas ke nan bai sake dafa komai ba. Kanti ma ni yake aika, don ba ya son haɗuwa da mutanen da ya ba ɗanɗano.

Jiya Morag ta kira ni, wai me ya sa in ta buga wa Baba waya ba ya wuce "lafiya lau" ya ajiye. Na ce jirgi yana tasowa sau biyu a rana, ta hau ta zo ta tambaye shi da bakinta.