Motocin da Ba Su da Taya

Kawuna ne ke rubuta manhajar kamfanin motocin da nake sayar wa tikiti, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mantuwa gare shi ta fitar hankali. Ya taɓa yin kwana uku yana zuwa ofis da takalmi wari-wari.

A manhajar, bayanan kowace mota suna cikin wani samfuri da ake kira aji. Aji na gama-gari kamar tsohon buhu yake, duk abin da ka cusa masa zai karɓa. Sai Kawu ya cusa masa abin da ba ya son mantawa. Kullum ƙarfe huɗu na yamma, kowace kwamfuta a tashar sai ta rubuta: "Kira Inna." Ba mu san innar wa ake nufi ba, don haka mu goma sha huɗu kowa ya riƙa kiran tasa.

Rannan manaja ya ce manhajar ta cika nawa. Aka sake gina ajin da wani yaren kwamfuta mai sauri. Sabon ajin kuwa taurin kai gare shi: gurbi bakwai aka yanka masa, ko allura ba ya karɓa bayan su. Saƙon ya ɓace.

Kafin mako ya zagayo iyaye mata suka fara sallama a tashar. Tawa ta bi layi har tagata ta ce, "Ke, sai na yanki tikiti za ki gaishe ni?"

Kawu ya duƙufa, ya ce sai ya dawo da saƙon. Ya haifa wa sabon ajin ɗa na gama-gari, ya rataya masa saƙon, amma duk motar da ta ratsa ɓangaren mai sauri sai ta fito zigidir, babu saƙon. Ya gwada haɗa shi da ajin direbobi, shi ma mai sauri, kwamfuta ta ce gurabunsu sun ci karo.

Ya sami manaja. "Ranka ya daɗe, a ƙara gurbi ɗaya mana."

"Bakwai na ce, Malam. Gudu muke nema."

Sai Kawu ya goge gurbin tayoyi, ya sa saƙon a ciki. Har yau, a manhajarmu, motoci sittin ba su da taya ko ɗaya, kuma lafiya lau suke isa.

Ranar da saƙon ya dawo na leƙa ofishinsa, na tarar da wayarsa a kife kan tebur. Kakata, wato innarsa, shekara uku ke nan da rasuwarta. Tausayinsa ya kama ni.

"Kawu, kai wa kake kira?"

"Ba kowa, 'yata. Ƙofa nake buɗewa in saurare ku."