Baƙin Man Surukina

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da na ƙi bin maganar surukina a kan jarka ɗaya ta mai ba. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma, ba zan ɓoye muku ba.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba. Surukin nawa, uban matata, manomin shinkafa ne a Gulma. A shekarar ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi wata tsohuwar tarakta a gwanjo, ya danƙa mini ita saboda na taɓa aikin tuƙi a Argungu. Tsohuwa ce ta gaske, sai ta yi tari ta yi kaki kafin ta tashi, amma ita kaɗai ta rage masa. In ba a kafce fadamarsa kafin ruwan gulbi ya hau ba, shekara ta tafi ke nan, ga gida cike da masu ci.

Da na zaro sandar awon mai na ga na cikin ya mutu, sai na ce a sayo baƙin mai. Ya ce shi da kansa zai je Birnin Kebbi, don mutum ne da ba ya yarda a yi masa sayayya.

Washegari da hantsi ya aika a kira ni. Na same shi a rumfar ƙofar gidansa tare da dattawan unguwa, jarka a gabansa, yana ba su labari cikin jin daɗi.

"Wani mai kanti ya so ya cuce ni," in ji shi. "Nic ce baƙin mai, yab ba ni wani abu ja kamar zuma. Ni ba yaro na ba. Sai can bakin tasha nis samu na ƙwarai, baƙi ƙirin."

Duk wanda ya san inji ya san suna ne kawai ake cewa baƙin mai. Sabo garau yake, sai ya gama wahala a cikin inji yake yin baƙi. Abin da aka sayar wa bawan Allahn nan juyen manyan motoci ne.

To amma ta ina zan fara? Mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi, ko ruwa ba na sha a gabansa, shi zan ce wa an yi masa wayo, kuma a tsakiyar abokansa?

"Zuba mu tahi, direba," ya ce. "Hadari na haɗuwa."

Na durƙusa, na tsoma yatsa a jarkar na murza. Sai na ji gari-gari kamar yashi, ga ƙauri. Wallahi kunya ta kusa sa ni in zuba. Sai na tuna fadamar nan, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku gafarce ni. Man da aka soya kifi da shi har ya ƙone, ana zuba wa tsoho a tuwo?"

Surukina ya juyo gare ni.

"Mi kaka nuhi?"

"Wanga mai ya riga ya yi aikinai cikin wata mota. In na zuba, inji zai buga. Ba ni iya zuba shi, Baba."

Daga nan ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce, "To, ka hi ni sani," ya shige gida.

A ranar na hau akori-kura zuwa Birnin Kebbi. Can ma sai da na yi gardama, don mai kantin da na shiga ya miƙo mini mai tsinkakke na ƙananan motocin fetur. Na ce a'a. Injina na gas ne, ya tsufa, cikinsa ya saki, kuma zafin bazarar ƙasarmu yakan mai da tsinkakken mai ruwa. Na zaɓi mai kauri, lamba arba'in, na injin gas, a gwangwanin da ba a fasa ba, na haɗa da sabuwar filta ta tace mai. Da na dawo na ɗumama injin, na juye tsohon man tas, sannan na zuba.

Kwana huɗu ina kaftu, in na gaishe shi "lahiya" kaɗai nake samu. Abin ya dame ni ƙwarai, har abinci ya fita raina. Amma tsohuwar nan ko tari ba ta ƙara yi ba. Muka gama, aka watsa iri, ba a yi mako biyu ba ruwa ya sauko ya rufe hanyar fadama.

Wata Juma'a na zo wucewa sai na tarar da shi ya tattare hannun riga, yana shafa baƙin man nasa a dirkokin rumfa saboda gara. Wani dattijo ya tsokane shi, "Alhaji, ba na tarakta na ba?"

Ko juyowa bai yi ba. "Wanga na gara na. Na tarakta kau, ku tambayi ɗana."

Shekara shida ina auren 'yarsa, bai taɓa kirana da haka ba. Na wuce da sauri don kada su ga idona.

Tun ranar ban ƙara sayen abu don sunansa ba, sai na murza shi a yatsa. Na kuma gane cewa kunyar suruki ba ta hana ka faɗa masa gaskiya, durƙusawa kawai take sa ka yi kafin ka faɗa.