Sifikun da Mijina Ya Kafa a Kusurwar Ɗaki

Assalamu alaikum Edita. A farkon shekarun tamanin ni amarya ce 'yar ƙauye daga wajen Ringim, mai saurin fushi da saurin yanke hukunci. An kawo ni Dakata a Kano, ɗaki ɗaya a gidan haya, wurin mijin da na zaɓa da kaina. Ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, ya daɗe a sashen da injinan saƙa suke, inda ko ihu mutum ya yi na kusa da shi ba ya ji.

Muna zaune lafiya har ranar da ya shigo da rakoda da sifiku biyu manya, irin waɗanda ake kafawa a wajen biki. Na ce masa ɗakin nan da ƙyar ya ɗauki gado da jeren kwanukana, ƙarama guda ɗaya ma ta ishe mu. Ya ce mai shagon ya gaya masa idan ya manna su da bango, ko ya cusa su a kusurwa, ƙarfinsu zai ƙaru. Haka kuwa ya yi. Ya jawo akwatina daga lungun, ya tura sifikun ciki har suna gogar bango. Da ya kunna, ban ji waƙa ba, rugugi na ji. Muryar mawaƙi ta nutse, sai gangar kawai take dukan ƙirji, murafen kwanukana suna ta kaɗawa. Shi kuwa ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da bangon, ya lumshe ido yana murmushi.

Daga nan zaman gidan ya lalace. Maƙwabciyarmu, wata mata 'yar Filato da nake kira Maman yara, ta same ni a bakin famfo ta ce bangon da ke tsakaninmu rawa yake yi, jaririnta ya kasa barci. Mai gidan hayar ya yi mana kashedi. Na roƙi maigidana ya janye su daga bango, ya rage ƙarar. Zai rage, can kuma sai in ga hannunsa ya koma ya murɗa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne in yi masa magana ya yi banza da ni, ko ya amsa da abin da ban tambaya ba. Sai na ɗauka raini ne, na ce ya fifita akwatunan katako a kaina. Wata rana ina zazzaɓi na kira shi daga kan gado har muryata ta dushe, yana zaune ya ba ni baya, bai ko waiwayo ba. Washegari na ɗaure kayana na tafi gida. Ya biyo ni biko, na ƙi fitowa.

Ina can saƙo ya iske ni cewa babbar mota ta buge shi a titin Bompai bayan an tashi daga aiki. Direban ya yi ta danna oda, mutane suna ta ihu, shi kuwa yana tafiyarsa. Na tarar da shi a asibiti an yanke ƙafarsa ta hagu. A can ne wani dattijo abokin aikinsa, mutumin Damagaram, ya ja ni gefe yana kirana 'yata. Ya ce yawancin waɗanda suka daɗe a gaban injinan nan kunnensu ya tafi, shi ma bakina yake kallo kafin ya gane abin da nake faɗa. Likita ya duba kunnen maigidana ya tabbatar da haka, ya ce ba gyara.

Da ya ɗan farfaɗo, maigidana ya gaya min ya daɗe da sanin jinsa yana raguwa. Ya ɓoye ne don tsoron kada a sallame shi, da kunyar in ce na auri kurma. Ya ce siririyar murya irin tawa ita ce ta fara ɓace masa, rugugin nan kaɗai yake isa gare shi, shi ya sa ya so kusurwar, don bangon yana kai masa sautin har cikin jiki. Na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta fitar da ni.

Na koma ɗakina na yi jinyarsa, muka rayu shekaru da dama ina yi masa magana da hannu, har Allah ya karɓi abinsa. Ya yafe min tun a gadon asibiti, amma ni har yau ina tunanin da ina nan, wataƙila da na gane kafin motar nan ta same shi.

Ina kira ga mata 'yan'uwana, musamman matan ma'aikatan kamfani. Idan mijinki ya fara ƙara murya, ko kin kira shi bai amsa ba, kada ki yi saurin cewa wulaƙanci ne. Ki zagayo ta gabansa, ki dube shi, ki tambaye shi ko yana jin ki. Ku kuma maza, ku daina ɓoye ciwo ga wadda kuke kwana ɗaki ɗaya da ita. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.